Bin sawun kuɗin inshorar lafiya: daga tarin takardun neman biya zuwa amsa

Tambayar da aka miƙo mini gajeriya ce: kuɗin da asusun inshora ke kashewa kan jinya ya tashi shekara uku a jere, me ya jawo? Masu asusun sun riga sun yanke hukunci a ransu cewa mutane ne suka ƙara yawan zuwa asibiti, likitoci kuma suna rubuta magani ba ji ba gani. Mai yiwuwa ne. Sai dai jimillar kuɗi kaɗai ba ta iya tabbatar da hakan, domin abubuwa huɗu ne a cakuɗe a cikinta: yawan mutanen da ke cikin inshorar, yawan zuwansu neman magani, farashin kowane aiki, da irin aikin da aka yi musu. Sai an zare kowanne an ajiye shi gefe ake gane wanda ya motsa. Duk alƙaluman da na gabatar da "a ce" misali ne don lissafi ya fito fili.

Fayil uku na nema. Na farko rajistar mambobi, mai nuna ranar shigar kowa da ranar fitarsa, shekarunsa, jinsinsa da irin tsarin da yake ciki. Na biyu takardun neman biya daga asibitoci da ɗakunan gwaji. Na uku na kantunan magani. Na sa an cire sunaye da adireshi tun kafin a turo, aka bar wa kowane mutum lamba ɗaya tak wadda ba ta canzawa a duka fayilolin. Wannan lambar ita ce ƙashin bayan aikin. Idan mutum ya sauya wurin aiki ko ya koma ƙarƙashin inshorar mijinta ko matarsa aka ba shi sabuwar lamba, to ya zama mutum biyu a takarda, tarihin ciwonsa kuma ya yanke a tsakiya.

Da rajista na fara, ba da kuɗi ba. Yawancin rahotannin da ke ɓata suna ɓacewa ne a nan, a kan adadin da ake raba kuɗin da shi. Ba a ƙirga kawuna. Watannin da kowa ya yi a cikin inshorar ake ƙirgawa. A ce rajista ta nuna mutum 10,000 a watan Disamba, amma 4,000 daga cikinsu a watan Yuli suka shigo. Mutum 6,000 sun yi wata 12, wato 72,000. Sauran sun yi wata 6, wato 24,000. Jimilla 96,000, daidai da mutum 8,000 da suka cika shekara. Wanda ya raba kuɗin shekara da 10,000 zai samu adadin da ya gaza na gaskiya da kashi 20 cikin ɗari, kuma baɗi, lokacin da kowa ya cika wata 12, zai ga "tashin" da babu shi. Saboda haka duk abin da na lissafa daga nan, ko dai kuɗin kowane mamba ne a wata, ko kuma yawan aiki a kan kowane mamba 1,000 a shekara.

Akwai wata matsalar rajista da ba a cika lura da ita ba: cire mutum a baya. Ma'aikaci ya bar aiki a Maris, ba a sanar da asusun ba sai Yuni, sannan a goge shi tun daga Maris. Rajistar watannin ƙarshe kullum a kumbure take, sai ta kwana biyu take sacewa.

Daga nan sai tsaftace takardun neman biya, wanda shi ya ci fiye da rabin lokacin aikin. Takarda ɗaya tana iya bayyana sau uku: ta asali, wadda ta soke ta da adadi mai alamar ragi, da wadda ta maye gurbinta. Idan aka tara kuɗi, na farko da na biyu suna kashe juna, jimilla ta fito daidai. Idan aka ƙirga layuka kuwa, zuwa asibiti ɗaya ya zama uku. Na riƙe siga ta ƙarshe ta kowace takarda, na watsar da sauran. A kantin magani ma haka: an shigar da magani, mara lafiya bai zo ya karɓa ba, bayan kwanaki aka mayar da shi kan kanta aka soke. Wanda bai haɗa sokewar da asalinta ba zai ƙirga maganin da ba a taɓa sha ba.

Kwanciya asibiti ita ce ta fi wahalar ginawa. Kwanciya ɗaya tana zuwa da takardar asibitin, ta likitan fiɗa, ta mai ba da maganin barci, ta ɗakin hoto, kowace da ranarta. Na haɗa duk takardun mutum ɗaya da ranakunsu suka shiga juna suka zama kwanciya guda. Wanda aka sallama daga wani asibiti aka kwantar a wani a rana ɗaya, na ɗauke shi a matsayin wanda aka sauya wa asibiti, ba sabuwar kwanciya ba. Haihuwa na ware ta daban, don sau da yawa jariri ba shi da lambarsa a makonnin farko, ana rubuta kuɗin jinyarsa a kan lambar uwa. Idan ba a kula ba, sai a ga mace 'yar shekara talatin da ciwon bakwaini.

Kowace takarda tana da aƙalla adadi uku: abin da asibiti ya nema, abin da yarjejeniya ta amince a biya, da abin da asusun ya fitar bayan an cire kason mara lafiya. Na farko ba shi da amfani wajen bin sawu, don asibiti na iya rubuta abin da ya ga dama. Na uku kuma yana yaudara. A ce kuɗin aiki 1,000 ne, mara lafiya yana biyan 300 na farko daga aljihunsa, asusun ya biya 700. Farashi ya ƙaru da kashi 10, ya koma 1,100, kason aljihu yana nan a 300. Yanzu asusun zai biya 800, ƙarin da ya haura kashi 14. Kuɗin jinya kashi 10 ya ƙaru, amma littafin asusun zai nuna 14. Haka idan aka ɗaga kason aljihu, asusun zai ga sauƙi alhali nauyin ne kawai ya koma kan mambobi. Da adadi na biyu na yi aiki, sannan a ƙarshe na nuna yadda aka raba shi tsakanin asusu da aljihu.

Sai batun jinkiri. Takarda ba ta isowa ranar da aka yi aikin. Ta kantin magani da ke aiki da kwamfuta tana shigowa nan take, ta ganin likita cikin makonni, ta doguwar kwanciya kuwa tana iya yin watanni, kuma ita ce mai tsada. Duk wanda ya zana jadawali da ɗanyen bayani zai ga layin ya sunkuya a watannin ƙarshe, ya yi murnar cewa kuɗi na sauka. Na jera watannin da aka yi aiki a tsaye, watannin da aka biya a kwance, ya ba da jadawali mai siffar alwatika. Daga tsofaffin watannin da suka kammala na gano kaso nawa ke isowa bayan wata ɗaya, bayan biyu, bayan uku, har zuwa goma sha biyu. A ce bayan wata ɗaya kashi 60 ne ke isowa, an kuma biya 600 na Disamba: ƙiyasin cikakken kuɗin 1,000 ne. Amma idan a wannan karon ma'aikatan biya sun yi nawa, kashi 55 ne kawai ya iso, ainihin adadin ya kusa 1,091. Kuskuren maki biyar ya zama kuskuren kashi 9. Shi ya sa ban yarda da wata biyu na ƙarshe ba ko da an yi musu gyara. Na jira wata uku bayan ƙarshen shekara kafin na rufe ta, kuma na yi alwatika daban ga kwanciya, daban ga sauran.

Asibitocin da ake biya kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mamba duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, na ware su. Ba su da abin da ke tilasta musu turo bayanin kowane zuwa, don haka alƙalumansu kan nuna kamar mutanensu ba sa ciwo.

Bayan duk wannan ne aka iso wurin da gizo ke saƙa. Kuɗin kowane mamba sakamakon ninka abu biyu ne: yawan aiki da matsakaicin kuɗin aiki ɗaya. A ce ganin likita ya tashi daga 3,000 zuwa 3,150 a kan mamba 1,000, wato kashi 5, matsakaicin kuɗin zuwa ɗaya kuma daga 100 zuwa 108, wato kashi 8. Ƙarin duka ba 13 ba ne, 13.4 ne, don ninkawa ake yi ba tarawa ba. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne ɗaukar wancan kashi 8 a matsayin ƙarin farashi. A ce zuwa iri biyu ne: na dubawa kawai a kan 50, da wanda aka haɗa da hoto a kan 200. Bara cikin zuwa 100, 80 na farko ne, 20 na biyu: jimilla 8,000, matsakaici 80. Bana 70 da 30: jimilla 9,500, matsakaici 95. Matsakaici ya tashi da kusan kashi 19 ba tare da an taɓa farashin komai ba. Abin da ya sauya shi ne irin aikin. Don raba su, na ɗauki kwandon ayyukan bara daidai yadda yake, na sa masa farashin bana aiki bayan aiki. Bambancin da ya fito shi ne farashi zalla, ragowar kuma sauyin irin aiki. Maganin biyun ba ɗaya ba ne. Farashi ana zama da asibitoci a yi ciniki a kansa. Sauyin irin aiki kuwa sai an tambayi likitoci ko hotunan nan ana buƙatarsu.

Kafin in jingina ƙarin zuwa asibiti ga halin mutane, na duba ko mutanen ne suka sauya. A ce matashi yana cin 100 a wata, dattijo 400. Idan dattawa kashi 10 ne, matsakaici 130. Idan suka zama kashi 15, matsakaici 145, ƙarin kashi 11.5 alhali babu wanda ya sauya ɗabi'a. Na kasa mambobi rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, maza daban mata daban, na riƙe kason kowane rukuni yadda yake a shekarar farko a duk shekarun. Na kuma sake lissafin a kan waɗanda suka zauna shekara ukun cur, tare da sanin cewa su ma ba madubi ne mai adalci ba: sun tsufa da shekara uku, waɗanda suka rasu kuma, masu cin kuɗi mafi yawa a watanninsu na ƙarshe, ba sa ciki.

Kuɗin jinya ba ya rarrabuwa daidai. A Amurka binciken da ake maimaitawa shekara da shekaru yana nuna kashi 5 na jama'a ne ke cin kusan rabin kuɗin, rabin jama'a na ƙasa kuma kusan kashi 3 kacal. A ƙaramin asusu, dashen ƙoda biyu ko jariri bakwaini ɗaya da ya yi wata uku a kwalba ya isa ya karkata shekara. Na sa iyaka, na lissafa sau biyu: da manyan takardu da kuma ba su.

Magani shi ne sashen da na fi daɗewa a kai, don ƙirga takardun magani ba awo ba ne. Mai hawan jini da ke karɓar na kwana 30 yana da takarda 12 a shekara. Idan aka mayar da shi na kwana 90, takarda 4, ƙwayoyin kuma ba su ragu ko ɗaya ba. Na koma ga tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda cibiyarta da ke Oslo ke kula da shi. Kowane magani yana da lambar ATC mai hawa biyar, daga sashen jiki har zuwa sinadarin kansa: metformin A10BA02, amlodipine C08CA01, amoxicillin J01CA04. Yawancinsu kuma suna da DDD, wato ƙiyasin abin da babba ke sha a rana don babban amfanin maganin: metformin giram 2, amlodipine miligiram 5, atorvastatin miligiram 20. Ba umarnin likita ba ne, ma'auni ne kawai na kwatanta. Da shi ake fitar da adadin DDD a kan mutum 1,000 a rana.

Ma'aunin kansa yana canzawa, kuma wannan tarko ne. A 2019 an ɗaga DDD na amoxicillin na sha daga giram 1 zuwa 1.5. Miligiram 500 sau uku a rana na kwana bakwai giram 10.5 ne: a tsohon ma'auni DDD 10.5, a sabo 7. Wanda ya jera tsofaffin rahotanni da sababbi zai yi shelar cewa shan maganin ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Siga ɗaya ta jadawalin ake ɗauka a shafa wa duk shekarun.

Gurbin "adadi" a fayil ɗin kantin magani shi ne mafi ƙazanta. Ɗauki insulin: kwali ɗaya mai alƙalamin allura biyar, kowanne mililita 3, kowace mililita yunit 100. Yunit 1,500 ke nan, kuma tunda DDD na insulin yunit 40 ne, kwalin DDD 37.5 ne. Wani kanti ya rubuta 1, yana nufin kwali. Wani 5, alƙalami. Wani 15, mililita. Duka ukun abu ɗaya suka miƙa wa mara lafiya. Hanyar kama su ita ce raba kuɗi da adadi a kowane layi, a jera sakamakon: sai ka ga ya taru wuri uku, farashin kwali ninki biyar na farashin alƙalami, ninki goma sha biyar na farashin mililita. Maganin shaƙa na asma, ɗigon ido, man shafawa da ruwan maganin yara duk sai da na bi su haka da hannu.

Abu biyu kuma fayil ɗin kantin magani ba ya faɗa. Na ɗaya, dalilin rubuta maganin; galibi babu lambar cuta a jikinsa. Semaglutide yana ƙarƙashin rukunin magungunan ciwon suga, amma tun da aka amince da shi da sunan Wegovy a Amurka a 2021 ana ba da sinadarin don rage ƙiba. Ganin rukunin ya kumbura ba ya nufin masu ciwon suga sun ƙaru. Sai an koma fayil ɗin asibiti an duba lambar cutar kowane mai sha. Na biyu, magungunan da ake yi wa mutum a asibiti ta jijiya, irin na ciwon daji, a cikin takardun asibiti suke ɓuya, kuma suna cikin mafi tsada. Sai da na tsamo su na haɗa da na kanti kafin hoton magani ya cika. Akwai kuma ragin da kamfanonin magani ke mayar wa masu inshora bayan ciniki a wasu ƙasashe, wanda ba ya bayyana a takarda ko kaɗan. Kuɗin da ke fayil ɗin na kafin ragi ne, kuma dole a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a ƙasan jadawali.

Kuɗin magani yakan yi tsalle ne, ba ya hawa a hankali, don haka na ajiye jerin ranakun da suka girgiza kasuwa kusa da jadawalin. Lokacin da kariyar mallakar Lipitor, wato sunan kasuwa na atorvastatin, ta ƙare a Amurka a Nuwamba 2011, wasu kamfanoni suka fara yin atorvastatin, kuɗin rukunin ya faɗi alhali masu sha ba su ragu ba. Akasin haka ya faru da Sovaldi na ciwon hanta nau'in C, wanda aka amince da shi a Disamba 2013 a kan dala 84,000 na mako 12: mutane ƙalilan, kuɗi mai yawa, sannan ya sauka don maganin warkarwa yake yi, ba a sha har abada. Humira, maganin ciwon gaɓoɓi, ya samu kishiyoyi daga wasu kamfanoni a Turai a 2018, a Amurka kuwa sai 2023. Wanda ya ja layi daga irin waɗannan shekaru ya miƙa shi gaba zai yi hasashen banza.

Ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta na ƙara awo ɗaya: rabon AWaRe da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2017, mai kasa su gida uku, na farkon zaɓi, na sa ido, da na ajiya. Burin da aka sa shi ne aƙalla kashi 60 na abin da ake sha ya fito daga gida na farko, a 2024 kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaga shi zuwa kashi 70 nan da 2030. Jimillar DDD na iya tsayawa cik alhali likitoci sun gangara daga amoxicillin na gida na farko zuwa azithromycin da ciprofloxacin na gida na biyu. Wannan sauyin ya fi jimillar muhimmanci.

Lambobin cuta su ma suna da tabo. Amurka ta bar ICD-9, siga ta tara ta kundin lambobin cututtuka na duniya, ta koma ICD-10 ranar 1 ga Oktoba 2015, lambobin suka tashi daga kusan 14,000 zuwa kusan 68,000, cututtuka da dama suka yi kamar sun ƙaru ko sun ragu dare ɗaya. ICD-11 ta fara aiki a 2022, ƙasashe na shiga a hankali, don haka irin wannan tabon na tafe. Duk inda na ga layi ya karye a wata guda maimakon ya lanƙwasa, na fara zargin takarda kafin in zargi cuta: sabuwar lamba, sabuwar manhajar biya, ko sabuwar dokar da ta sa wata lamba ta fi kawo kuɗi. Shekarar 2020 kuwa ba ta zama ma'auni. Annobar korona ta sa an ɗage fiɗa da gwaje-gwaje, don haka 2021 ta yi kama da ambaliya. Da 2019 ake gwada ta. Don kawar da tasirin yanayi da bambancin ranakun aiki, tunda wani wata yana da 20 wani 23, na yi amfani da jimillar wata 12 na baya, wadda ake sabuntawa kowane wata.

Da aka zo ba da shawara, abin da masu asusun suka fara kawowa shi ne a ɗaga kason aljihu don mutane su rage zuwa. Zai rage, wannan sananne ne tun gwajin da cibiyar RAND ta yi a Amurka daga 1974 zuwa 1982, inda waɗanda aka ɗora wa kaso mafi nauyi suka kashe kusan kashi 30 ƙasa da masu jinya kyauta. Amma gwajin ya nuna sun rage zuwan da ake buƙata da wanda ba a buƙata kusan daidai, talakawa masu hawan jini kuma sun fi samun sauƙi a tsarin kyauta. Saboda haka na ƙara shafi ɗaya a rahoton: kason masu hawan jini da ciwon suga da maganinsu ya rufe aƙalla kashi 80 na kwanakin shekara, a ajiye shi a matsayin ma'aunin da za a sake dubawa wata shida bayan duk wani sauyi. A jadawalin ƙarshe, duk gurbin da mutanensa ba su kai 11 ba na rufe shi, kamar yadda hukumar Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ke yi, don a ƙaramin rukuni cuta ɗaya da shekaru sun isa a gane ko wane ne.